Zogalen Inna a Cikin Shingen Satelit

Shekarun baya, lokacin da nake ganin daga Mayahi har Tasawa ba wanda ya kai ni wayo, na taɓa yin wani aiki da har yau in na tuna sai na nemi wuri na zauna. Ku da kuke bina a nan kun san halina, in kaza ta tsallaka hanya zan ce muku raƙumi ne ya yi tsalle. To yau ku ɗan saurara, wannan ya faru da gaske.

Ƙauyenmu yana arewa da Mayahi, kan hanyar Isawan, inda yashi ya fi mutane yawa. Na yi lakwal, wato firamare, har na leƙa kwaleji, daga nan ni da lissafi muka rabu ba tare da sallama ba. Na dawo gida ina ɗan kabu-kabu da moto, wato babur, ranar kasuwa, sauran kwanaki kuma ina fada, majalisarmu ta samari, ina dafa shayi ina ba mutane labarin abubuwan da ban gani ba.

Shekarar da ta gabaci wannan, damina ta yi mana gardama. Mahaifina ya tsaya jiran ruwa mai kyau kafin ya yi shuka, ya jira har ya makara, ruwan kuma ya ɗauke da wuri hatsi yana cikin fitar da kai. Abin da muka samu ko tsakiyar rani bai kai mu ba. Amma duk wuyar da aka sha, akwai abu ɗaya da Baba bai bari an taɓa ba, wato irin hatsinmu. Iri ne da kakana ya yi shekaru yana zaɓe, zangarniya bayan zangarniya, gajere, mai saurin nuna, ya saba da yashinmu kamar yadda muka saba da shi. Abin da ya rage mana tiya huɗu ne cak, a cikin wata tukunya da aka liƙe bakinta da laka, a ƙuryar ɗakin Baba. In wannan ya tafi, sai dai a je kasuwa a auno na wata ƙasa da ba a san halinsa ba. Ko ɓera in ya shiga ɗakin nan sai ya gaida tukunyar daga nesa.

Ana cikin rani sai ga wata farar mota ta shigo gari, da wata mata injiniya daga Yamai da ma'aikatanta biyu. Wai wuri suke nema a cikin gona su kafa na'urar auna damshin ƙasa. Mai gari ya nuna musu gonarmu ta bayan gari, don shimfiɗaɗɗiya ce ba itatuwa, ya kuma nuna musu ni, don ina da faransanci irin na ƙarfin hali, wanda in kalma ta ƙare sai hannu ya ci gaba.

Injiniyar, da muke ce wa Madam, ta zaunar da ni a inuwar mota ta yi min bayani. Ta ce akwai wani tauraron ɗan'adam, satelit, da ke wucewa ta samanmu da sassafe. Ba hoto yake ɗauka ba, saurare yake yi. Ƙasa tana fitar da wani abu da kunne ba ya ji, ido ba ya gani, kuma na busasshiyar ƙasa daban, na jiƙaƙƙiya daban. Da haka yake gane inda ke da damshi. Ta ce haka kuma yake yi wa teku, ruwa mai gishiri da yawa da mai gishiri kaɗan ba iri ɗaya suke fitarwa ba, sai ya bambance su.

Na ce, "Madam, yana can sama yana ɗanɗana miyar teku ba cokali?"

Ta yi dariya ta ce kusan haka ne. Sannan ta ce yana da rauni. Ba ya jin abin da ke can ƙasa, sai saman ƙasa kawai, kamar tsawon yatsa. Kuma idonsa faɗi gare shi, daga ƙauyenmu har kusan Atantane duk loma ɗaya ce a wurinsa, sai ya haɗa gonar da ta sha ruwa da wadda ba ta sha ba ya ba da magana ɗaya. Shi ya sa ake kafa akwatin awo a ƙasa, a riƙa gwada maganar akwati da ta satelit, a ga ko sun dace.

Duk wannan dogon bayani, abin da ya shiga kaina ɗaya ne: akwatina ne zai riƙa gyara wa satelit kuskure.

Ranar da za a kafa, suka fara tono tun da safe. Ni kuma na ce baƙi ba za su yini ba nama ba, na hau moto na nufi Mayahi sayo balangu da ƙanƙara. Tafiyar da ba ta wuce a je a dawo ba, amma na tsaya a tasha ina faɗa wa ƴan kabu-kabu cewa an naɗa ni shef, wato shugaba, na satelit na arewacin Mayahi gaba ɗaya. Kafin in dawo ƙanƙara ta zama ruwa, aiki kuma ya ƙare. Na tarar da sandar ƙarfe a tsakiya, da pano mai ɗaukar rana a samanta, da akwati mai ɗan gilashi da ke nuna lambobi uku, an kewaye wurin da giriyaji, shingen ragar waya, sabo fil, da ƙofa da kwaɗo. Ban tambayi me aka binne ba, ban tambayi a ina aka binne ba. Ni a ganina gindin sandar nan ne ke shinshinar ƙasa.

Madam ta ba ni makulli da kaye da bik, wato littafi da alƙalami. Ta ce kowace safiya in kwafe lambobin nan uku in tura mata ta salula. Ta farko damshin sama, ta biyu na tsakiya, ta uku na can ƙasa. In goge pano, in hana awaki shiga. Ta ce, "Kuma kada a taɓa komai a ciki."

Na ce, "Madam, ko ƙuda sai da laissez-passer, takardar izinin shiga."

Kwana uku tsakani sai mahaifiyata ta zo ta tsaya bakin giriyajin nan, da tulu a kanta, don hanyar rijiya ta nan ta bi. Ku sani, Inna ta yi shekara da shekaru tana yaƙi da awakin garinmu a kan zogale. Ta yi shingen ƙaya sun ci ƙayar, ta yi na kara sun ci karan, ta rufa da tsohon zane sun ci zanen sun bar mata bakin. Ta daɗe tana kallon wayar nan kamar mai kallon Makka. Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana, sai ta ce:

"Kai wannan. Wurin nan me za a shuka a ciki?"

Na ce, "Inna, ba a shuka. Wurin kimiyya ne."

"Kimiyyar ce ke cin duk filin nan? Ga ta can tsakiya a tsaye kan ƙafa ɗaya."

"An ce kada a taɓa komai."

"Ni na ce zan taɓa mata sanda? Kusurwa kawai nake so. Dubi can, har an tone an mayar, ƙasar ta yi laushi. Wuri da shinge, akuya ba ta shiga, a bar shi yana shan rana a banza. Wannan ai alhaki ne."

Na auna da ido. Daga sanda zuwa kusurwar nan taki uku ne masu kyau. Na ce a raina, me zogale a can zai yi wa sanda a nan? Kuma ku faɗa min, wane ne a cikinku uwarsa za ta tsaya da tulu a ka tana roƙonsa kusurwa ya ce a'a? Na ba ta makulli. Ta dasa zogale shida a daidai inda ƙasar ta yi laushi. Kullum in ta dawo daga rijiya sai ta ratse ta zuba musu rabin tulu, safe da yamma.

Ba a yi sati ba lambobina suka fara hawa. Ta ukun nan, ta can ƙasa, ta hau ta zauna a sama ta ƙi sauka. Tsakiyar rani ne fa, lokacin da ko ƙadangare sai ya ɗaga ƙafa ɗaya ya huta da ita kafin ya taka yashi. Madam ta kira ni.

"Akwatinka yana cewa ƙasa a jiƙe take. Satelit yana cewa yankinku a bushe yake ƙamas. An yi ruwa ne?"

"Ko ɗigo, Madam."

"Wani abu ya canza a wurin?"

"Rien, Madam, ba komai. Komai yana nan yadda kika bar shi."

Kuma wallahi lokacin ban ji na yi ƙarya ba. Sanda tana nan, pano yana nan, akwati yana nan. Ta ce abin da mamaki, wataƙila na'urar ce ta samu matsala, za ta zo ta duba in ta samu hanya, farkon damina.

Ni kuwa sai na kai labari fada. Na ce an gano gonarmu a kan kogi take zaune. Na ce satelit da Turawa suka kashe dukiya suka harba sama ya yi kuskure, ni na kama shi, yanzu haka a can ƙasarsu ana taro a kaina. Wani abokina, Bafulatani ne, da shi muka yi lakwal kafin ya koma bin shanunsu, ya kurɓi shayi ya ce:

"Kai dai ka ji tsoron Allah. In da akwai damshi a gonarku da shanuna sun riga ka sani. Ko tsiron ciyawa ɗaya babu a wurin."

Na ce, "Shanunka sun yi lakwal?"

Ya ce, "A'a. Shi ya sa ba a kore su ba."

Aka yi dariya, na bar shi ya ci wannan, don na san ranata tana zuwa.

Ranar ta zo da ruwan farko. Wajen la'asar hadari ya taso daga gabas, aka yi iska, aka yi ruwa ɗan madaidaici, wanda zai kwantar da ƙura ya sa gari ƙamshi. Da safe duk wanda ka gani sungumi ne a kafaɗarsa ko tambaya a bakinsa. Wasu sun ce a shuka, wasu sun ce a dakata. Na bi Baba gona. Ya durƙusa ya tona da hannu, kamar yadda yake yi duk shekara. Dokarsa ita ce sai damshi ya wuce wuyan hannu. Wannan karon yatsunsa kawai suka shige, sai busasshen yashi ya fara zubowa. Ya matsa gaba ya sake tonawa, haka. Ya karkaɗe hannu ya ce:

"Bai kai ba. Wannan zai tsirar da iri ne ya bar shi a hanya."

Kafin nan da ɗan lokaci Madam ta riga ta kira ni. Ta ce satelit ya wuce da asuba, ya nuna ruwan jiya sama-sama ya jiƙa yankinmu, ba mai yawa ba ne. Na karanta mata lambobina, duka uku suna sama. Ta ce, "Ban yarda da akwatin nan ba. Sai na zo na gani. Kada ka ba kowa shawarar shuka da shi." Na ce to. Na kashe salula na ce a raina, kishi ne, na Yamai ba sa son a ce ɗan ƙauye ya gyara musu tauraro.

Sai na ce wa Baba, "Hannunka a sama ya tsaya. Ƙarfena yana can ƙasa, kuma ya ce akwai damshi tun rani. Saiwa tana sauka kaɗan za ta same shi."

Ya ce, "Ni na tona ban gani ba."

"Ai ba ka kai wurin ba. Zo ka gani da idonka."

Na kai shi gaban akwati na nuna masa lambobi. Baba bai iya karatun boko ba, amma ya san lamba mai yawa da kaɗan. Ya daɗe yana kallo. Zogalen Inna yana gefenmu kore shar, ya kai ƙirji, har na nuna masa na ce, "Ka ga shaida ma." Ku ji fa. Abin da ya kamata ya tona min asiri, shi na kira shaida.

Ya ce, "Wannan ai ban ruwa ake yi masa."

Na ce, "Rabin tulu ne zai yi wannan? Daga ƙasa yake sha."

Sannan na faɗi maganar da har yau nake jin nauyinta. Na ce, "Baba, bara ma jira ka yi."

Ya ɗaga kai. Ya kalli gabas, ya kalli gonar maƙwabcinmu inda aka riga aka fara saran rami. Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "In ba haka ba ne a canza min suna."

Ya koma gida ya fasa lakar bakin tukunya. Shi yana gaba da sungumi yana sara, mu muna baya muna zuba iri muna rufewa da diddige. Kwana biyu muka yi, tiya huɗun nan duka suka shiga ƙasa. Ya so ya rage ɗaya, ni na ce ragewa rashin yarda da kimiyya ne.

Kwana huɗu sai ga tsiro, layi-layi, gwanin kyau. Ranar nan a fada ba wanda ya samu damar yin magana. Na ce daga bana duk mai son shuka sai ya zo ya yi layi a ƙofar gidanmu, kuma zan fara da masu gaishe ni da kyau.

Daga nan sama ta rufe bakinta. Sati ɗaya, ba ruwa. Sati biyu, ba ruwa, sai iska mai zafi da ke kwasar yashi tana watsa wa tsiron. Ganyen ya fara naɗewa kamar an murza shi. Kullum da safe in je akwati, lambobi suna sama, in juyo in kalli gona tana ƙonewa. Ina cewa Baba, saura kaɗan saiwar ta kai. Kafin sati na uku ya cika, in ka tsaya a bakin gona ba za ka ce an taɓa shuka wani abu a wurin ba.

A cikin satin nan Madam ta iso. Ta sauko daga mota, ta tako zuwa giriyaji, ta tsaya. Zogale ya kusa kai pano tsawo. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Wannan mene ne?"

"Zogale ne, Madam. Moringa."

"Na san moringa. Me yake yi a nan?"

"A kusurwa yake ai. Bai taɓa sanda ba."

Ta karɓi shebur daga hannun ma'aikacinta ta fara tono a hankali a gindin zogalen. Ƙasa baƙa, jiƙaƙƙiya, har da tana. Sai ga waya ta fito, sai ga wasu ƙarafa masu yatsu kamar cokali mai yatsu, ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya can ƙasa, saiwar zogale ta rungume su kamar ƴan uwa. Ta ce su ne masu aunawa. An nisanta su da sanda da gangan, don kada inuwar pano ta shafe su. Sandar ba ta auna komai, akwati kawai take riƙewa.

Wato wata da watanni ina kwafe rabin tulun Inna ina tura wa Yamai, ina kuma cewa satelit bai san aikinsa ba.

Ana haka sai ga Inna da tulu. Ta ga an tone mata gindin zogale, ta sauke tulun ta gaida baƙuwa, sannan ta ce, "Ƴata, lafiya kike tone min shuka?"

Madam tana jin Hausa sosai. Ta ce, "Inna, ruwan da kike zubawa ne na'urarmu take aunawa."

Inna ta ce, "To ai ta yi gaskiya. Ina zubawa."

Madam ta ajiye shebur. Ta zauna a kan bokitin ma'aikata ta yi dariya har da hawaye. Ta ce duk tsawon watannin nan wannan ce magana mafi daidai da ta ji a kan akwatin nan. Ni dai ban yi dariya ba. Da ta lura, ta bi inda nake kallo, ta ga gonar. Ta ce, "An shuka?" Na ce an shuka. "Da maganar akwati?" Na ce da maganata. Dariyar ta tsaya. Ta ce lambobin da suka lalace za a share su, ba wani abu ba ne, za a matsar da ƙarafan wata kusurwa, zogale ya zauna inda yake amma a raba su da shinge. Ta ce, "Wannan ni zan gyara. Wancan kuma kai za ka je ka faɗa."

Na samu Baba a zaure yana gyaran ƙotar hauya. Na tsuguna na faɗa masa komai, har kiran da Madam ta yi min a safiyar shuka, wanda na ɓoye. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na ba da labari ya fito gajere. Ya ci gaba da fiƙe ƙotar har na gama. Sannan ya ce:

"Wato na saman da hannuna maganarsu ɗaya."

Na ce, "Ɗaya ce, Baba."

"To. Gobe ka hau moto ka tafi Atantane wurin gwaggonka. Da za a kai ta ɗaki, kakanka ya ba ta irin nan. In ba ta bar shi ya ɓace ba, za a samu."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Gwaggona ƙanwar Baba ce, kuma in kuna neman inda na gado baki, to can ne. Na same ta a tsakar gida da maƙwabtanta mata suna sussukar wake. Labari ya riga ni isa, don a ƙasarmu labari ba ya jiran esansi, man moto. Tana ganina ta ce:

"Ku tashi ku ba da wuri, ga shef na satelit. Ɗana, yaya mutanen sama? Sun ce yaushe za a yi ruwa, ko sai ka ba su izini?"

Na gaishe ta na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ce iri akwai, amma ita ma ta shuka rabi, saura tiya biyu take riƙe da su saboda irin wannan rana. Ta ce iri ba na sayarwa ba ne tsakaninta da ɗan uwanta, sai dai ni ba zan ɗauka a banza ba. Sai na zauna na ba matan nan labarin tun daga farko, kuma duk inda na rage laifina za ta gane. Na zauna a kan turmi na ba da. Da na zo wurin da na nuna zogale na ce shaida ne, wata tsohuwa ta ce in maimaita, ba ta ji da kyau ba. Ta ji sarai. Sau uku na maimaita.

Da za ta miƙo min ƙullin, Gwaggo ta riƙe shi ba ta saki ba. Ta ce a hankali, yadda sauran ba za su ji ba, "Wannan ne na ƙarshe a danginmu. In ka faɗi da moto, ka faɗi ta bayanka." Ban taɓa tuƙi a hankali irin na ranar ba. Jaki da kaya ya wuce ni, mai jakin har ya tambaye ni ko lafiya.

Bayan kwana biyar aka yi ruwa na gaske, tun hantsi har azahar. Washegari Madam ta turo saƙo cewa satelit ya ga yankin ya jiƙu sosai. Akwati, da aka matsar masa da ƙarafa, shi ma ya ce haka. Baba ya tona, hannu ya shige har kusan gwiwar hannu. Na tsaya a gefe bakina a rufe, abin da mutanen garinmu suka ce ba su taɓa gani ba tun da aka yaye ni. Tiya biyu rabin gona kawai suka rufe. Sauran rabin wake muka zuba. Shekarar ba mu cika rumbu ba, mun ci wake har na fara jin kunyar shiga masallaci, amma hatsin ya nuna, irin ya tsira. Da kaka Baba ya zaɓi zangarniyoyi masu kyau ya raba uku, kashi ɗaya tukunyarsa, kashi ɗaya Atantane, kashi ɗaya ya ba Inna ta ɓoye inda ni ban sani ba. Ya faɗa a gabana kuma, don in ji.

Na ci gaba da aikin akwatin har furojen su Madam, wato shirin nasu, ya ƙare. Na zo na gane satelit ɗin nan ba ya cika baki. Abin da ya ji yake faɗa, iya zurfin da ya ji, iya faɗin da ya gani. Akwati ma bai yi ƙarya ba, an zuba masa ruwa ya ce akwai ruwa. Hannun Baba bai yi ƙarya ba. A duk cikinmu mutum ɗaya ne ya faɗi abin da bai sani ba da muryar wanda ya sani, kuma ya yi amfani da ciwon bara ya tura dattijo. Ban daina zolaya ba, kun shaida. Amma in magana ta kai ga abin da mutum zai zuba a ƙasa ba zai iya kwasowa ba, na koyi cewa ban sani ba, kuma ban mutu ba don na faɗa.

Duk labaran da nake ba ku ƙari nake yi musu. Wannan kaɗai ne nake ragewa, ko a gidan Gwaggo na rage, kuma ba ta gane ba. Abin da nake cirewa shi ne safiyar da zan tafi Atantane. Na biyo ta bayan gari da moto, sai na hango Baba shi kaɗai a tsakiyar gona, a durƙushe, da ƴar ƙwarya a gefensa. Yana bin ramukan shuka ɗaya bayan ɗaya, yana tonawa da yatsa, yana neman ƙwayar da ba ta tsira ba ko za a samu ta sake shukuwa. Na kashe moto na tura ta da hannu har na wuce, don kada ya ɗago ya san na gan shi.